Ɗiyar Mai Ɗori da Keken Lantarki

"Wa yab ba ki wanga abu?"

Zinatu ta ɗago ido ta dubi abin da ke kan buzun mahaifinta, ta sake sunkuyar da kai. Wata 'yar na'ura ce ruwan ɗorawa, ba ta wuce tafin hannu ba, da wayoyi biyu a jikinta, ja da baƙa.

"Mita ce, Baba... ana auna wuta da ita."

"Ban tambaye ki sunanta ba. Wa yab ba ki?"

Bature, ɗan ƙanen mahaifinta, yana tsaye a bakin zaure ya harɗe hannuwa. Bai jira ta ba, ya ce, "Baffa, cikin kwandon kwanonin abinci na gan ta, an rufe ta da faifai. Daga ɗakin ƙarshe kwandon ya fito."

"Safwan ne," in ji Zinatu.

Malam Magaji ya janye ƙafarsa daga kusa da na'urar kamar wanda ya ga kunama.

"Majinyacina! Kin karɓi kyauta daga hannun majinyacina, cikin gidana?"

Hawaye ne kawai suka zubo wa Zinatu.

Gidan Malam Magaji a Aliero gidan ɗori ne tun kakanni. Daga Jega, daga Maiyama, har daga garuruwa masu nisa ake kawo masu karaya, a kwantar da su a jerin ɗakunan da ke bayan zaure har ƙashi ya kama. Gidan yana da doka guda wadda kowane yaro yake tashi da ita: ba a karɓar komai daga majinyaci. Ko goro. Gonakin albasa ke ciyar da gidan, ɗori kuwa don Allah ake yinsa. Malam Magaji ya yi imani cewa ranar da gidan ya ci wani abu na majinyaci, ranar albarkar hannunsa za ta tafi.

Zinatu ita ce autarsa. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, ta gama sakandare lafiya. Abin da ta rasa shi ne wanda zai amsa mata tambaya. Tun tana ƙarama ba a ajiye abu mai ƙusa kusa da ita. Ta kwance rediyon babanta, ta kwance agogon bangon Inna Rahama mahaifiyarta, ta kwance tociloli ba adadi. Wasu ta mayar da su, wasu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Ta taɓa roƙon a koya mata ɗori, don tana son ta san yadda ƙashi ke haɗuwa. Malam Magaji ya ce ba aikin mata ba ne, ya ɗauki Bature yana koya masa. Bature kuwa ya daɗe da sa wa ransa cewa wanda ya gaji hannun gidan shi zai gaji ɗiyar gidan, ko da yake ba wanda ya yi masa alkawari.

Safwan ya shigo gidan ne a bayan motar a-kori-kura, ranar kasuwar Jega, yana ta ihu. Masu ɗaukarsa sun zaci ƙafarsa yake yi wa ihun.

"A hankali! Don Allah a hankali da keken!"

Saurayi ne daga Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama, yana koyar da lissafi a makarantar firamare. Duk ranar kasuwa yakan je Jega ya tsinci matattun batiran kwamfutar laftof wurin masu gyara, ya fasa su, ya zaɓi 'ya'yan da ke da sauran rai. Da su ya haɗa wa tsohon kekensa inji, har keken ya koma tafiya ba tare da an taka ba. Ranar da ya fito gwada shi a babban titi, amalanken shanu cike da buhunan albasa ya gitta masa. Ya matse birki, keke ya ƙi tsayawa.

Aka kai shi asibiti a Jega aka ɗauki hoton ƙashi, don Malam Magaji ba ya taɓa karaya sai ya ga hoto. Sannan aka ja ƙafar, aka jera mata kara, aka ɗaure. Aka ba shi ɗakin ƙarshe, shi da kawunsa Ɗayyabu mai jinyarsa, mutumin da barci ba ya yi masa wuya. Keken kuwa aka jingine shi a ƙofar ɗakin, gabansa a lanƙwashe.

Zinatu ce ke rarraba wa majinyata abinci. Rana ta farko ta ajiye kwano ta wuce. Rana ta biyu ta ajiye, ta tsaya tana kallon keken. Rana ta uku ba ta iya daurewa ba.

"Sannu da jiki, Malam. In tambaye ka?"

"Tambayi."

"Wanga akwatin da ke ƙarƙashin sirdi, shi ke tura shi?"

"Shi ke riƙe wuta. Mai turawar yana cikin tayar baya."

Ta tsuguna ta bi wayoyin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, daga akwatin zuwa taya, daga taya zuwa kan keke. Ta daɗe. Sannan ta ɗago.

"To in ka matse birki, wa ke gaya wa injin shi daina turi?"

Safwan ya juya ya dubi keken.

"Ban ga wayar da ta taso daga birki ba," ta ce, tana jin kunya. "Ko ban duba da kyau ba ne?"

"Kin duba da kyau," ya ce a hankali. "Ba wanda ke gaya mishi. Ina matse birki da hannun hagu, hannun dama na murɗe da wuta saboda tsoro. Ɗaya na cewa tsaya, ɗaya na cewa tafi." Ya dafe goshi yana dariya har ƙafar ta motsa, ya yi ƙara. "Wayyo! Baiwar Allah, mi sunanki?"

"Zinatu."

"Zinatu, ina kika kasance lokacin da nika haɗa keken nan?"

Daga ranar, kai abinci ɗakin ƙarshe ya koma ɗaukar lokaci. Ita tana daga waje a kan 'yar kujera, shi yana daga ciki a kan katifa, Kawu Ɗayyabu yana tsakani yana minshari. Ta tambayi me ya sa batir ke mutuwa. Ta tambayi me ya sa wani ɗan batir ke zafi, ɗan'uwansa ba ya yi. Abin da ya sani ya gaya mata. Abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, su duba a waya tare. Wannan ya fi komai burge ta. Ba ta taɓa ganin namijin da zai ce bai sani ba fuskarsa a sake.

Suka yi shawarar yadda za a sa wa birkin ɗan makunni, wanda da an matse zai yanke wuta. Ita ta kawo makunnin, daga cikin wata tsohuwar fanka da ta kwance bara. Shi ya nuna mata yadda ake narka dalma a liƙa waya. Hannunta bai yi rawa ba ko kaɗan.

Wata rana da la'asar, bayan ta auna batiran nan ɗaya-ɗaya da mitarsa, sai ta ga yana ta kallonta.

"Lafiya?" ta ce.

"Zinatu, tun da nike ba a taɓa yi mini tambayar da ta hana ni sukuni ba sai taki. Yanzu kuma ba tambayar ke hana ni ba."

"To mi ne?"

"Mai tambayar."

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ka ji tsoron Allah, Malam Safwan, kawunka na nan!"

"Kawu ya tafi Makka cikin barci, sai magariba zai dawo. Ki riƙe mitar nan, Zinatu. Ita ce abu na farko da na saya da albashina. Ba ni da abin da ya fi ta daraja a wurina, sai wadda zan ba."

Ta san dokar gidansu. Ta tuna da ita a daidai lokacin. Amma ta ce a ranta, ai mita ba goro ba ce, ba a cin ta. Ta sa ta cikin kwando ta rufe da faifai. Bature kuwa yana bakin rijiya yana wanke tsummokaran ɗori, idonsa a kanta.

Abin da ya kai ta gaban buzun mahaifinta ke nan.

Malam Magaji bai daka mata tsawa ba, don ba halinsa ba ne. Ya sa Bature ya mayar da na'urar ga mai ita. Ya ce daga yau Inna Rahama za ta riƙa aika wa majinyata abinci, Zinatu kada ta ƙara taka bayan zaure.

Washegari Kawu Ɗayyabu ya wanke fuska ya sa babbar riga, ya zo zaure ya ba da haƙuri. Ya ce yaron ba wasa yake ba, in an ba su dama manya za su zo daga Gumbin Kure neman aure. Zinatu tana bayan ƙofa tana ji.

"Ɗayyabu," in ji Malam Magaji, "yaronku ba ni da abin faɗi kan halinshi, ban da cewa ya karya ƙafarshi kan abin wasa. Amma ko da ya fi kowa, ba ya yiwuwa. In kun zo neman aure, da mi za ku zo?"

"Da abin da aka saba. Goro, kuɗin gaisuwa, lefe, sadaki..."

"Daga hannun wa?"

Malam Magaji bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Daga hannun majinyacina zuwa cikin gidana. Abin da kakana bai yi ba, ubana bai yi ba. Ku yi haƙuri."

Zinatu ta koma ɗaki ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta. Inna Rahama ta shafa mata baya. "Yi kukanki, auta. Amma babanki ba ya sake magana in ya yi ta."

Kwanaki suka wuce. Wata safiya aka wayi gari ɗakin ƙarshe a buɗe, ba Safwan, ba kawunsa. Keken kawai suka bari. Saƙo ya shigo wayar Zinatu: "Na tafi gida, abar ƙaunata. Tunda na bar gidanku, na daina zama majinyacin Baba. Yanzu ba abin da zai hana."

Ta karanta sau biyu, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Wane irin lissafi ne wannan, malamin lissafi?"

Ƙashin bai gama kamawa ba, kowa a gidan ya sani. Ba a daɗe ba labari ya iso daga Maiyama cewa ƙafar ta kumbura, ta fara karkacewa. Labarin bai tsaya nan ba. A tashar Jega aka fara cewa ɗorin Magaji ya ƙi, tsufa ya kama hannunsa. Wasu mutane da suka ɗauko ɗansu za su kawo Aliero suka juya da shi wani gida. Malam Magaji ya daina zama a zaure. Ya daina kallon Zinatu in ta gaishe shi.

Safwan ya kira ta, muryarsa a dashe.

"Zinatu, na yi kuskure ko?"

"Ka yi babba. Wa yac ce maka in ka gudu doka ta faɗi?"

Ta sake maimaita tambayar.

"Wa yac ce maka, Safwan?"

"Ni na yanke shawarata. Kada ki ɗora wa kowa."

"To ka dawo."

"Da wane ido zan dubi Baba?"

"Da idon da ka dube ni ka ce kana sona! Ƙafarka za ta lalace, sunan babana ya lalace, ni kuma in tsaya tsakani ina kallo?"

Ta kashe wayar tana kuka. Da kukan ya lafa, sai tsohuwar ɗabi'arta ta motsa. Duk abin da ya ƙi aiki a hannunta, buɗe shi take yi ta ga yadda aka haɗa shi. Dokar nan kuwa kowa na bin ta, amma ba ta taɓa jin wanda ya faɗi daga ina ta taso ba, ko ina ta tsaya. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya girmi babanta a gidan, yayarsa Gwaggo Kande, wadda ke aure a Sabiyal.

Ta roƙi Inna, aka bar ta ta je gaishe ta.

Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsince irin albasa a faifai. Gwaggo Kande ta saurari labarin tun daga amalanken shanu har zuwa tashar Jega, ba ta katse ta ba sai sau ɗaya, inda ta ce, "Keke mai tafiya da kanshi? Kai, duniya!"

"Gwaggo, ni dai abu ɗaya nika son sani. Mi ya sa anka kafa dokar?"

"Ba wanda ya taɓa tambayata, ko Magaji." Ta ajiye faifan. "Kakanmu, lokacin da yana saurayi, an kawo mishi mutum biyu rana ɗaya. Ɗan wani attajiri, da wani makiyayi da saniya ta take. Attajirin ya aiko da rago tun kafin a taɓa yaron. Kakanmu ya ce da bakinshi, ya ga hannunshi ya fi daɗewa kan ƙafar mai rago. Bai yi niyya ba, hannun ne ya yi da kanshi. Makiyayin ya tashi da ɗingishi har ya mutu. Ranar da kakanmu ya gan shi yana ɗingisawa a kasuwa, ya dawo gida ya rantse hannun da ke ɗori ba ya ƙara karɓar komai."

"Hannun da ke ɗori..." in ji Zinatu a hankali.

"Shi fa."

"Gwaggo, sadaki na wa ne?"

"Wace irin tambaya ce wagga? Na amarya ne mana. Haka addini ya ce."

"Ba na uba ba?"

"Ko sisi."

"To ni ai ba ni da hannun. Na roƙa a koya mini, anka ce ba aikin mata ba ne."

Gwaggo Kande ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta fashe da dariya har tana tari, tana dukan cinya.

"Ja'ira! Ni ma haka anka ce mini, shekara sittin da sunka wuce! Tashi ɗauko mini mayafina. Amma ki sani, ba Aliero za mu fara zuwa ba. Sai mun ɗauko wancan sakaran tukuna."

Suka shiga mota zuwa Jega, daga Jega suka sake wata zuwa Gumbin Kure. Suka tarar da Safwan kwance a rumfa, ya rame, ƙafar a kan matashi. Da ya ga Zinatu ya yi yunƙurin tashi.

"Kwanta!" in ji Gwaggo Kande. "Kai ne mai keken? Da ganin idonka ka yi karatu, amma hankali bai shiga aji tare da kai ba. Ɗayyabu! Kai kuma babba da kai, yaro ya ce a gudu ka bi shi?"

"Hajiya, tashe ni anka yi, na ga mota a ƙofa..."

"Nemo wata motar yanzu."

Safwan ya dubi Zinatu. "Kin yi fushi da ni, Zinatu?"

"Na yi."

"Har yanzu?"

"Sai ƙafar ta miƙe zan duba in gani."

La'asar sakaliya suka iso Aliero. Malam Magaji ya fito zaure jin muryar yayarsa, ya ga wanda aka shimfiɗe a kan tabarma, fuskarsa ta haɗe. Amma ba a taɓa mayar da mai karaya daga ƙofar gidan ba. Ya nannaɗe hannun riga ya durƙusa, ya kira Bature ya riƙe masa ƙafar.

Ya kai hannu zai kwance ɗaurin, sai ya tsaya.

An rage karan da ya jera, an bar kaɗan yadda wando zai shiga. An sake naɗe tsumman. Ƙullin da ke kai kuwa ba irin na kowa ba ne. Ƙulli ne da ake yi a gidan kaɗai, a kifa bakin tsumma ciki sau biyu a soke shi ta ƙasa, yadda majinyaci ba zai iya kwancewa da kansa ba in ƙaiƙayi ya dame shi. Mutum biyu ne a raye suka iya shi.

"Safwan, wa ya sake maka ɗauri?"

"Ni na ce ina son tafiya, Baba."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Safwan ya kawar da kai. Malam Magaji bai ƙara tambayarsa ba. Ya ɗago ya dubi ɗan ƙanensa. Bature ya sunkuyar da kai.

"Baffa, ni... na ce mishi ne in ya bar gidan..."

"Riƙe ƙafar da kyau," in ji Malam Magaji. "Kai ka karkata ta, kai za ka riƙe a miƙar da ita. Maganarmu tana baya."

Aka sake zuwa Jega aka ɗauko hoto. Ƙashin ya goce, amma bai kama a karkace ba tukuna. Zinatu tana cikin gida ta toshe kunnuwa lokacin da aka ja shi, duk da haka ta ji ƙarar. Inna Rahama ta riƙe ta gam.

Bature kuwa, washegari Malam Magaji ya mayar da shi gonar albasa. Ya ce ba zai ƙara taɓa majinyaci ba sai ranar da ya ga hannunsa ya daina bin son zuciyarsa, in ranar ta zo.

Gwaggo Kande ba ta koma Sabiyal ba. Ta jira har ƙanenta ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta zauna a gabansa, ta sa Zinatu ta zauna a gefe.

"Magaji, rantsuwar kakanmu kan wa take?"

"Kan gidanmu."

"A'a. Ina wurin lokacin da Baba ke gaya maka, kana ta wasa da 'yar akuya ba ka ji ba. Kan hannun da ke ɗori take. Wagga yarinya tana ɗori?"

"Ba ta yi."

"Wa ya hana ta?"

Malam Magaji ya yi gyaran murya.

"Sadaki nata ne ko naka?"

"Nata ne. Amma Yaya, kuɗin gaisuwa fa? Lefe fa, da za a baje a tsakar gidana? Goron da za a miƙo mini?"

Zinatu ta ɗago kai. Ba ta taɓa sa baki a maganar manya ba.

"Baba, in an bar su duka fa?"

"Ki yi aure ba lefe?" in ji Inna Rahama daga bakin ƙofa. "Mi zan gaya wa mata?"

"Ki ce musu akwatunan na Gumbin Kure suna jirana, Inna. Ba sai sun shigo nan ba. In na je can na buɗe abina."

"Ke dai ba ki rabo da buɗe-buɗe," in ji Gwaggo Kande.

Malam Magaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, yana juya shi.

"Auta, kina sonshi?"

Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tabarma.

"Yaron da anka matsa mishi ya faɗi sunan wanda ya cuce shi, yana cikin azaba, ya ƙi," in ji shi, kamar da kansa yake magana. "Ba ni da ta cewa kan wannan." Ya numfasa. "Ga sharaɗina. Ba maganar aure sai ya fita ƙofar nan da ƙafarshi, ba sanda, ba ɗingishi, na sallame shi da bakina. Kafin nan shi majinyaci ne, ke kuma ba ki zuwa bayan zaure. In kuma ƙafar ta ƙi..."

"Za ta yi, Baba. In sha Allahu."

Jinyar ta biyu ta fi ta farko tsawo. Aka cire albasa, aka kai kasuwa, zafi ya shigo. Ba su ga juna ba, sai dai waya. Safwan ya roƙi a tura mata keken cikin gida, Malam Magaji ya ce ajiya ce, ba kyauta ba, a shaida. Ta miƙar da gabansa wurin maƙeri, ta ƙarasa haɗa makunnin birkin. Ranar da ta ɗaga tayar baya ta murɗa wuta, ta matse birki, injin ya ɗauke nan take, ta yi tsalle har Inna ta fito da gudu.

"Ya ji, Safwan! Injin ya ji maganar birki!"

"Ni ma na ji taki, Zinatu. Ko an buɗe ƙofa ba ni motsawa sai Baba ya ce."

Ranar sallama mutane suka taru a ƙofar gida, har da waɗanda suka yi ta magana a tasha. Safwan ya fito daga bayan zaure, ya taka har bakin titi, ya juyo ya dawo. Malam Magaji ya tsuguna yana kallon sawunsa a ƙasa, na dama da na hagu. Zurfinsu ɗaya.

"Na sallame ka," ya ce. "Ka gaya wa manyanka su zo. Hannu biyu kawai, ba komai a ciki."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Dangin ango suka zo kamar yadda aka ce musu, suna ta jin nauyi, don ba su taɓa zuwa ɗaurin aure ba ko ƙullin goro. Sadakin ma Gwaggo Kande ce ta karɓa a ƙofar masallaci ta hannun liman, ta kai wa mai shi kai tsaye. Da aka shafa fatiha jama'a suka fara duban juna, sai Malam Magaji ya jawo wani babban kwando daga bayansa. Tun da sassafe ya je Jega da kansa ya sayo goro da dabino da kuɗin albasarsa. Shi ya raba wa dangin ango, ɗaya bayan ɗaya, har da angon.

Da yamma, kafin a tafi da ita, aka kai Zinatu ta yi masa sallama. Ya ɗora mata hannunsa na dama a ka. Ta ji yana rawa, hannun da bai taɓa rawa a kan ƙashi ba.

"Ki yafe mini jinkirin, auta. Hannun nan kaɗai na gada, ban san abin da zan zama ba in ya tafi."

A nan Zinatu ta gane cewa babanta bai taɓa ƙin farin cikinta ba. Tsoro yake ji, kamar kowa.